Mai Shekara Ɗaya Ya Tara Jama'a

A Kano yanzu yaro ba ya cika shekara 1 a ɓoye. Sai an kafa kwamiti.

Tun saura wata guda uwar yaro za ta buɗe zauren WhatsApp. Ƙawaye su bazama Kantin Kwari neman atamfar anko. A sa a yi kek hawa uku, alhali mai bikin haƙoransa huɗu ne, biyu ma ba su gama fitowa ba. A kira mai hoto da mai kwalliya da mai balan-balan. Uban yaro, Allah sarki, aikinsa ɗaya: tura kuɗi.

Ran biki a zura wa yaro babbar riga mai sitaci, a kafa masa hula, a ɗora shi kan kujera. Yana hango ƙaton Mickey Mouse ya nufo shi sai ya tsala ihu. Mai hoto ya ce a sake, hasken bai yi ba. Kyandir kuwa uwa ce za ta hure, a tafa wa yaro.

Kaka tana gefe. "Ke 'yar nan, mu dai an ce shekarar fari aka haife mu, shi ke nan." Tana faɗa tana sa a ƙulla mata dafa-duka da kaza leda biyu.

Kafin la'asar mai bikin ya yi barci a goye. Manya su ci gaba da rawa. Washegari a miƙa masa kwalin da motar wasansa ta zo a ciki. Ita motar tana can kan sif, kada ya ɓata ta.