Kifi Ma Da Nasa Ankon

Masu kiwon kifin ado a akwatin gilashi sukan ɓata sa'a guda a shago suna jujjuya tsakuwa, sai ka ce uwar amarya wajen zaɓen atamfar anko.

Kuma fa suna da hujja. Ɗauki ɗan mitsitsin kifin nan na yankin kogin Amazon, neon tetra, mai ratsin shuɗi da ja. Shimfiɗa masa baƙin yashi, ka manna baƙar takarda a bayan gilashin, sai ka ga yana ta walƙiya. Ka zuba masa farar tsakuwa kuwa, ya koɗe fat. Ba fushi ya yi ba, tsoro ne: fatarsa tana bin launin ƙasan ruwan don kada tsuntsu ya hango shi daga sama. Tsuntsu a falo! To, wa zai gaya masa?

Baƙin kifi a gaban baƙin bango kuma, kuɗinka ka zuba a ruwa. Sai an watsa abinci kake sanin yana raye. Ita kuwa tsakuwar nan mai ruwan hoda da tsanwa, baƙi ita za su yi ta yabo, kifin ko oho.