Bazazzagin Ajengire ya tsaga wa motarsa hanci

Bawana, Ɗan Zazzau, ina gaishe ka daga zaune, kamar yadda ya dace ubangida ya gai da baransa. Labarin ya riga motar isowa Zangon Sokode, domin yaran tasha sun fi wayar salula sauri. Suka ce a-kori-kurarka ta yi sabon hanci. Na ce wane irin hanci kuma, ita da ko ham ɗinta ba ya kuka sai an haɗa waya biyu da hannu? Suka ce a tsakiyar kapo, wato murfin injin nan da 'yan'uwanmu na Najeriya ke ce wa bonet. Ban yarda ba sai da na gani da idona. An yanke ƙarfe an buɗe rami, an kifa masa wani tozo da aka ƙera daga ƙofar tsohon firji, an shafe shi da baƙin fenti. Ka taho kana tafe kana waiwayen jama'a, ita kuwa baiwar Allah ta yi kama da dorinar Mango da ta ɗago kai daga ruwa tana huci.

Da na natsu sai na daina mamaki, na gane abin gado ne. Zamanin da kakannina Kanawa ke fataucin goro zuwa Gwanja, suna ratsowa ta Jugu su yada zango a Didawure kafin su miƙe Salaga, kakanninka ne ke kora musu jakuna. Kada ka yi gardama, kowa ya sani. To masu jakuna sun daɗe suna tsaga hancin jaki, wai don ya ƙara shan iska a hawa. Jaki ya ƙare, ka samu Fijo 504, hannu kuma bai manta da wuƙa ba. Sai dai kakanninka sun fi ka dabara da abu ɗaya: hancin jaki yana haɗe da huhunsa. Naka hancin na ɗaga kapo na duba, ba ya haɗe da komai. Iska ta shiga, ta gai da kan inji, ta zaga batir, ta rasa wanda ya aike ta.

Na san inda ka gano abin. Kana zaune bakin titi a Ajengire kana ƙirga doya, motocin ƙungiyoyi da na ma'aikatu suna wucewa a kan babbar hanya mai lamba 1, wadda ta taso daga Lome har Sinkase, ka ga Hilux da hanci a kapo, ranka ya biya. Waccan Hilux ɗin da ta fito a 2005, mai injin gas lita 3, tana da tabo, na'urar da ke matsa iska ta cusa wa inji. Iskar da aka matsa zafi take yi, shi ya sa aka shimfiɗa wani ƙaramin lagireto a saman injin don ya huce ta, aka buɗe masa hanci daidai kansa, aka zagaye da roba yadda iskar waje ba ta da hanya sai ta cikinsa. Kowane yanki da aikinsa. Kuma da Toyota ta fitar da sabon samfuri a 2015 ta mayar da wancan lagireton gaba, hancin ya ɓace. Ka ga ke nan tsohon yayi ka tsinta, wanda masu shi suka ajiye. Taka motar fetur take sha ta kafireto, ba ta da tabo, ba ta da abin da za a huce. An fara ƙera 504 a 1968, kuma ƙasarku ta Zazzau ce ma ta daɗe tana haɗa ta, a masana'antar Fijo ta Kaduna da aka buɗe a 1975. Duk injiniyoyin Faransa da na Kaduna ba wanda ya ga tana bukatar hanci sai kai da mai waldarka.

Zan yi maka adalci kaɗan, ko da yake bawa ba ya cin shari'a da ubangidansa. Maganar iska ba ƙarya ba ce. Injin fetur yana cin iska kusan kilo 15 a kan kowane kilo ɗaya na mai, kuma iska mai sanyi ta fi mai zafi nauyi: in ta sauka da digiri 10, nauyinta ya ƙaru da wajen kashi 3 cikin 100, wuta ta ƙara kamawa. Amurkawa sun yi wannan wasan a 1969. Akwai Mustang da aka ɗaure hancinta a kan kafireto ya leƙo ta ramin kapo, in inji ya yi ruri shi ma ya kama rawa. Akwai Camaro da aka juya nata hancin baya yana kallon gilashi, saboda nan iska ke taruwa in mota na gudu. Amma dukansu iskar tana da bututun da zai kai ta matacin iska, da robar da ta hana ta gauraya da hucin inji. Batun wai gudu zai tura iska da ƙarfi kuwa, ko mota na kilomita 100 a awa, ƙarin matsin bai kai rabin kashi ɗaya cikin 100 ba. In ta sauko 50, sai ka raba wannan ɗan abin gida huɗu. Yanzu don girman Allah, yaushe rabon motarka da 100? Ni na taɓa bin ka Dapaong, wadda tsofaffi ke ce wa Dapango, sama da kilomita 300, doya ta kai sama har tana gaisawa da wayar lantarki. A hawan Defale yaron mota sauka ya yi yana bin mu a ƙasa da weji a kafaɗa, kuma sau biyu yana tsayawa jiran mu.

Ka ce mini zafi take yi, shi ya sa ka buɗe mata. Nan ne garin gyaran gira ka nufi ido. Iska tana ratsa lagireto ne domin bayansa akwai sarari da za ta faɗa ta fice ta ƙasa. Kai kuwa ka buɗe ƙofar da ke ɗura iska a bayan nasa, ta cika wurin, ta gaba ta zo ta tarar an riga ta. Mai son fitar da zafi ramin fita yake yi, mai kallon baya. Kuma ni da kai mun san ciwon motar nan. Lagireton ya toshe da tsatsa da laka, don duk kududdufin da ke tsakanin Sotubuwa da Kante ta sha ruwansa. Fambel ya saki kamar zariyar wandon mai azumi. Murfin lagireton ya ɓace tun bara, ka toshe da tsumma. Kuɗin da ka ba mai walda, jaka 45 in yaronka bai yi mini ƙarya ba, da ya wanke lagireto, ya sayi fambel da murfi, har ka samu canjin da za ka biya ni kuɗin sharar da nake bin ka na Cika-ciki biyu.

Aikin kansa ma abin kallo ne. Ƙarfen kapo bai kai kaurin milimita ɗaya ba, shi kuwa gwanin naka ya sa masa wutar kabayid ya ja layi ɗaya tun daga farko har ƙarshe, ƙarfe ya sha zafi ya lanƙwashe kamar ganyen da aka gasa. Ya yanke haƙarƙarin da ke riƙe da kapo ta ciki, shi ya sa in kun hau gargada take kaɗa ganga. Ya ɓoye ɓarnar da fila mai kaurin yatsa, ga shi har ta fara tsagewa. Fanabitan kirki da kwali yake fara yanka siffar, ya auna tazarar da ke tsakanin kapo da inji, ya bar haƙarƙarin ko ya ƙara masa wani, ya riƙa ɗiga walda nan da can yana bari ta huce, ya sa raga, ya huda mafitar ruwa, ya shafe cikin da fentin hana tsatsa. Naka ko raga babu. Ranar nan fiffiken zabuwa na gani maƙale a ciki, ban tambaya ba.

Ƙura kuwa tana nan tafe. Daga Disamba zuwa Fabrairu, in hunturu ya sauko, ka san yadda hanyar Mango zuwa Dapaong take, balle in ka sauka kwalta ka shiga ƙauyuka neman gero da zabi. Masu Land Cruiser da ke shiga daji doguwar hanya suke ja wa iska, bututu ya bi gefen gilashi ya hau kusa da rufi inda ƙura ba ta da kauri. Kai ka buɗe mata ƙofa daidai inda motar gabanka ke watso ta.

Amma ruwa ya riga ƙura kama ka. Injin 504 a kishingiɗe yake, fulogoginsa kuma a cikin ramuka masu zurfi suke zaune, kamar an haƙa su don tara ruwa. Ruwan Agusta na nan tsakiyar Togo ba ya sallama. Ran Talatar nan da ya tsuge, ka baro Ajengire da ƙyar, kana shigowa Sokode hancin ya sha ya ƙoshi, ramukan suka cika, distiributa ya jiƙe, mota ta yi tari uku ta yi shiru a gaban masu shayi. Wa ka tuna da shi? Ubangidanka Bakano. Ka zo ƙofar gidana jiƙe sharkaf kamar kazar da ta faɗa randa, na ba ka tsumma da busasshiyar riga, aka tsane fulogogi ɗaya bayan ɗaya. Da za ku tashi, ruwa bai ɗauke ba, sai yaronka ya kifa daro a kan hancin, ya ɗaure da igiyar roba, ya danne da doya guda. Haka kuka nufi Alejo, jaka 45 a ƙarƙashin daro, mutanen tasha suna tafa muku.

An ce mini har Dapaong ba ka cire shi ba, kuma wai tun da aka kifa shi allurar zafi ta ɗan sauko. Ban ce komai ba. Sai dai daron nan na uwargidana ne, da shi take wanke wake, kuma kullum sai ta tambaye ni. In za ka dawo da shi, ka cika shi da doyar laboko mai kyan sakwara, ban da waccan doyar da ta sha rana a kan kapo.