Mai Fentin Dare

'Yan sakandaren Ingila suna samun dogon hutu daga ƙarshen Yuli zuwa Agusta, a lokacin ne ake kwaso wasunsu zuwa Gana aikin sa kai. Kafin su taso sai sun fi shekara suna tara kuɗi: su toya kek su sayar, su wanke motocin maƙwabta, su tsaya a manyan kantuna suna zuba wa mutane kaya a jaka. Sannan a yi musu allurar shawara, don ba a shiga Gana sai da katinta, su haɗiyi ƙwayoyin maleriya, su sauka a Akara. Kuɗin tikitin mutum guda ya isa a fente makarantarmu ta zangon Aboabo da ke Kumasi har da canji, amma wa ya tambaye ni?

Da za a kawo mana wani ayarinsu su fente aji, hedimasta ya kira ni ofis ya ce, "Malam, tunda kai ne mai Turanci, baƙin nan naka ne." Matsala ta farko, mun riga mun yi hutu. Haka na bi gida-gida ina roƙon iyaye aron 'ya'yansu, da alkawarin koko da ƙosai. Ta biyu kuwa, ayarin bara sun fente ajin tas. Na ce, "Yallaɓai, to me za su fenta?" Bai ce komai ba, ya dai miƙo mini abin kankara.

Yaran nan, tsakani da Allah, akwai zuciya. Hannu ne babu. Wani dogo ya fente allo, wata ta haɗa da makunnin lantarki, akuyar maigadi ma ta tashi da shuɗin kunne. Da la'asar kuma sai musayar al'ada. Muka ba su tuwo, wata ta ɗebo loma ta tauna, ta sake taunawa, tana jiran ya ƙare. Su kuma suka shafa mini Marmite a burodi, wani baƙin abu mai kama da kwalta. Na haɗiye ina murmushi saboda martabar ƙasa.

Da suka tafi Cape Coast kallon gidan da aka tsare bayi, su wuce dajin Kakum su hau gadar igiya, sai hedimasta ya ce in nemo mai fenti na unguwa ya gyara ɓarnar cikin dare. Mutumin ya dubi bangon ya yi salati. Ya ce, "Malam, wannan aikin gayya ne ko ramuwar gayya?" Muka yi ciniki, ya hau tsani, ni ina riƙe da tocila, daga ni sai singileti mai huji da tsohon wando.

Can wajen sha ɗaya ya ce bari ya sha shayi ya dawo, ya bar mini buroshi. Fitarsa ke da wuya sai ga fitilar mota. Ashe baƙi sun fasa kwana a hanya, wani kuma ya manta cajarsa a aji. Suka same ni a kan tsani, fenti har gira. Malamarsu ta dafe ƙirji, idonta ya kawo ruwa, ta ce ba ta taɓa ganin sadaukarwa irin wannan ba. Na buɗe baki zan yi bayani, wayoyi suka hau ƙyas-ƙyas. Mai fenti ya dawo da kofinsa, ya tsaya a bakin ƙofa, aka miƙa masa waya ya ɗauke mu hoto gaba ɗaya.

Bayan wata uku aka turo wa hedimasta takardar neman taimakon da suke rabawa a can. Ga ni nan ɓaro-ɓaro, hujin singiletin daidai cibiya. An ce hoton ya yi kasuwa, har ayari biyu za su zo baɗi.

Mai fenti ya gani a wayar maigadi. Yanzu kullum bayan sallar asuba yana tare ni a ƙofar masallaci, wai buroshinsa ne a hoton, a lissafa masa kasonsa da fam ɗin Ingila.