Masu Neman Sikirin

Ba abin da ke tara mutane iri-iri a bencin mai gyaran kwamfuta irin fasasshen sikirin. A titin Beirut na Kano, inda tsofaffin HP da Dell da Lenovo 'yan kwatano suke jibge, mai gyara yakan gane wahalar da zai sha tun daga yadda mutum ya rungumo jakarsa.

Akwai mai rantsuwa. "Wallahi Injiniya, lafiya lau na rufe ta da daddare." Ana buɗewa sai ga baƙi ya malala, ga shatin murfin biro a tsakiyar gilashin. Ba a musu da shi, tunda kuɗin ɗaya ne.

Wanda ya fi cin lokaci shi ne mai aƙida. Shi HP ya saya, don haka sikirin ɗin HP yake so, orijina, kada a haɗa masa da bare. Bai san kamfanin ba ya ƙera sikirin ba. Sayo shi yake yi wajen irin su LG ko Samsung ko AU Optronics, kamar yadda Dell da Acer suke yi. Shaidar tana kan takardar da ke manne a bayansa: LP156WH4 na LG ne, B156XW02 na AU Optronics, 156 ɗin kuma inci 15.6 ke nan. Galibi ɗaya yana zama a gurbin ɗaya ba gardama. Injiniya mai haƙuri zai yi wannan bayani har sau biyu. Wanda ya gaji kuwa sai ya ce, "Yallaɓai, ɗan jira," ya zaga baya, ya kwance na wata matacciyar Acer, ya goge da tsumma, ya ƙara kuɗin orijina. Mai aƙida ya tafi yana yaba hasken HP.

Kishiyarsa shi ne mai "ai duk ɗaya ne". Ya zo da sikirin a leda, na kwamfutar ƙaninsa, wai duk inci 14 ne. Inci kuwa shi ne ƙaramar magana. EliteBook 8470p bakinta fin 40 ne, tsohon tsarin LVDS. 840 G1 da ta biyo bayanta fin 30 ce, tsarin eDP, wanda ya mamaye kasuwa daga wajen 2013. Ga kauri da siranta, ga kunnuwan ɗaure noti, ga ɓangaren da bakin yake, dama ko hagu. Mafi sharri, wasu sikirin na taɓawa fin 40 ne amma eDP: waya za ta shiga daram, sai dai kamar Bagobiri da Bayarabe ne a rumfa ɗaya, an yi musabaha, magana ta gagara. In an yi sa'a, baƙi kawai za a gani. In ba a yi ba, a ji ƙauri.

Ɗan YouTube ya riga ya yi aikin a gida, da sukundireban gyaran fanka. Komai ya yi daidai, sai dai bai cire batir ba kafin ya taɓa wayar sikirin. Ɗan fiyus ɗin da ke ba fitilar sikirin wuta a kan bod ya tafi. Injiniya zai haska tocilar waya a gilashin, hoto ya bayyana can ciki dishi-dishi, ya ɗago ya dube shi. Shi kuma ya dubi rufi.

Sai mai kwaɗayi, yawanci ɗalibi. ThinkPad T420 ɗinsa mai 1366 da 768 ta ishe shi, yana son 1920 da 1080. Ana yi, amma sai da wani ɗan bod na musamman daga Caina mai juya LVDS zuwa eDP. Da an lissafa masa bod da sikirin da kuɗin hannu, sai ya tuna ashe idonsa ba ya son ƙananan rubutu.

Ni dai Alhaji na fi tausaya wa. Dell Inspiron 1525 ce, ta 2008, tsarabar aikin Hajji, kuma ba ta sayarwa ba ce. Fuskarta ta koma ja-ja idan an kunna, alamar fitilar CCFL ta tsufa, wato siririn kwan nan mai aiki da inbata da aka yi kafin LED. Neman irinta yanzu sai an tona gawarwaki. "Ranka ya daɗe, ko a jona mata talabijin ta VGA?" Alhaji ya ce shi ba gidan kallo zai buɗe ba, a nemo.

Nan ne Injiniyan kansa yake fitowa a nasa halin. Ƙarƙashin teburinsa kwamfutoci ne marasa fuska, an kwance wa wannan an ɗaura wa waccan, masu su suna gida suna jiran kira. Bai taɓa cewa babu ba. Ya karɓi kafin alƙalami, ya rubuta sunan Alhaji a farin salatif, ya manna a murfi, ya ce kaya sun taso daga Ikeja, a leƙo ranar Laraba.