Kod ɗin mujalla rabon fada ne

Mu nan unguwar Lazaret ta Yamai, mujallar kwamfuta ba ta kwana biyu a hannun mutum ɗaya. Duk wanda ya samo ta ya san da yamma sai ya fito da ita fada, a ɗora shayi, kowa ya leƙa. Tambayar farko kuwa ba ta canjawa: “Kod ɗin fa? Ya zo tare da ita, ko sai mun nema?”

Tambayar tana da dalili. Marubucin mujalla yakan yi bayani mai daɗi, ya buga ƴan layuka don misali, sauran ya ce a duba faifai. Mujallun Faransa irin su Programmez! da GNU/Linux Magazine, da suka fara fitowa a 1998, a wancan zamani da faifan CD suke zuwa. To amma mu ba sabuwa muke saye ba. Tamu ta hannu ce, daga masu shimfiɗa littattafai a ƙasa, ko daga kasuwar Katako, ko daga jakar ɗan uwan da ya dawo karatu daga Dakar. Kafin ta iso Yamai faifan ya kama gabansa, sai tabon gam a bango.

Sai mu koma ga yatsunmu. Ɗaya na karantawa, ɗaya na bugawa, na uku na bin layi da tsinke kada a tsallake. Yayyenmu da suka yi Turbo Pascal a zamanin disket har yau suna ba da labarin yadda ƙurar hunturu ke cinye aikin mutum a abin da bai ɗaukar fiye da mega 1,44. Sun ce ko a Faransa haka aka faro: mujallar Hebdogiciel, tsakanin 1983 da 1987, kod take bugawa shafi bayan shafi, mai karatu ya kwafe da hannunsa.

Wahalar kwafi kowa ya san ta. Fotokofi ta uku ba ta bambanta 1 da l, ba ta bambanta 0 da O. Layin da ya yi wa shafi tsawo an karya shi biyu, kai kuma ka buga shi a karye. Ka manta waƙafi mai ɗigo guda a yaren C, kwamfuta ta zubo maka ƙorafi har ƙasan allo. A nan ne za ka ji ƙarami ya ce, “Yaya, wallahi yadda yake a takarda na buga.” Babban ya ce, “Ƙanena, bar takarda, karanta abin da na'ura ta faɗa maka. Layi na nawa ta ce?” Da irin wannan muka koyi aikin. Wanda ya nemo kuskure da idonsa ba ya sake manta wurin.

Yanzu an samu sauƙi, alhamdu lillahi. Tun da GitHub ya zo a 2008, marubuta suka riƙa ajiye kod ɗinsu a can, adireshi kawai ake bugawa a ƙarshen bayani. Sai dai sauƙin ba ya isa ga kowa daidai, don forfe na intanet kuɗi ne, ɗalibin da ke ƙetare gadar Kennedy kullum zuwa jami'ar Abdou Moumouni kuwa kuɗin motarsa ma lissafi ne. Shi ya sa muka yi tsari: mai forfe a ranar, na Airtel ne ko Moov ko Zamani, shi zai sauke wa kowa. Daga wayarsa a tura ta Xender, ko a zuba a kile USB a zagaya da shi. Da Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar a watan Agusta na 2023, gidan da ke da sola ya zama gidan kowa, a yi caji, a kwafi kod, a sha ruwan sanyi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Muna da ƴan ƙa'idoji da ba a rubuta ba. Ba a tura kod ɗin Python a cikin saƙon WhatsApp kamar gaisuwa, domin tazarar farkon layi tana iya ɓacewa, a Python kuwa tazarar nan ita ce ginin. A fayil ake turawa. In adireshin tsohuwar mujalla ya mutu, ba a yanke ƙauna sai an duba ma'ajiyar tsoffin shafuka ta Wayback Machine. In kod ya ƙi tashi, a fara duba shekarar mujallar, don abin da aka rubuta da Python 2, wanda aka daina kula da shi a 2020, sai an gyara kafin ya yi aiki a Python 3. Sunan marubuci da lasisinsa kuma ba a goge su, ko da an kai aikin gaban malami. Haƙƙin mutum ne.

Babbar ƙa'idar ita ce: ba a tayar da kod sai an karanta shi. Ko an sauke shi cikakke, sai a sa sabon shiga ya buga wani yanki da hannu, ya faɗa mana da Hausa ko da Zabarmanci abin da kowane layi yake yi. Wata ƙanwarmu ta taɓa cewa, “Yaya, ga shi a shirye, me ya sa zan sake bugawa?” Aka ce mata, “Don ranar da za ki rubuta naki, ba wanda zai shirya miki.” Yanzu ita ke bi wa ƴan baya layi.

Saboda haka muna roƙon iyayenmu da yayyenmu: mai tsohuwar mujalla ko faifai a ƙasan akwati ya fito da su, kada gara ta riga mu. Mu kuma da muka ci moriyar kod ɗin mutanen nesa, bashi ne a kanmu. Ɗan shirin lissafin adashi da na kuɗin shago da muke rubutawa, mu sa masu bayani da harshenmu, mu ajiye a GitHub, yaron Maraɗi ko na Damagaram ya samu wurin farawa.