Yadda Ake Bin Fim Mai Dogon Zango Daga Yammacin Zamfara Ba Tare da Hawan Jini Ba

Ba zan ɓata muku lokaci da bayanin yadda ake sayen data ko yadda ake buɗe YouTube ba. Duk wanda ya taɓa hawa kan turmi a tsakar gida, hannu a sama, yana jiran sanda ta biyu ta sabis ta leƙo, ya wuce wannan aji. Da 'yan'uwana na Anka da Gummi da Bukkuyum nake, waɗanda makon jiya suka zauna kallon sabon kashi, aka zo daidai inda za a buɗe ƙofa a ga wanda ya yi sallama, sai ɗan zoben nan ya hau juyawa a tsakiyar fuskar waya. Har da ni a ciki. Na kwanta ƙofar ba ta buɗe ba, da safe na tarar datar ta ƙare, ƙofar kuma tana nan a rufe. Daga wannan takaici shawarwarin nan suka fito.

Shawara ta farko: daga daren Juma'a, ka daina ɗaukar kiran dangin da ke Kano da Kaduna da Gusau, sai dai in ka tabbata rasuwa ce ko haihuwa. Su suna ganin shirin Labarina da ɗuminsa, kai kuwa sai an kwana biyu. Kuma ba wanda yake kira don ya ɓata maka labari da gangan. Da gaisuwa ake farawa, a tambayi Inna, a tambayi yara, a tambayi damina, sannan a ce, “Af, Yaya, kun ga abin da aka yi wa yarinyar nan kuwa?” Kafin ka ce a dakata, an gaya maka wanda ya mutu, da wanda ya kashe shi, da kalar rigar da ya sa. Amsar da za ka riƙe ita ce, “Ƙanwata, Allah Ya yi miki albarka, a gaida mutan gida,” ka katse. Haka nan ka kiyayi teburin mai shayi na bakin tasha. Direban da ya taso daga Gusau ya bi ta Anka ya tsaya Daki Takwas, kafin ya iso Gummi ya riga ya ba mota guda labarin kashi uku, fasinjojin kuma kowa zai shiga unguwarsu da shi.

Ta biyu: ka girmama mai tura fim. Ka san shi, shi ne dai mai cajin waya na bakin kasuwa. Katako ne cike da soket, wayoyi sun yi sahu kowace an manna mata 'yar takarda mai lamba, ga tsohuwar kwamfuta da aka ɗaure murfinta da salatif, ga ƙaramin janareta yana tari a bayan rumfa, ko faranti biyu na sola a kan kwano. Shi yake kwana ido biyu ya sauke kashin da tsakar dare, lokacin da sabis ya ɗan sarara, ya zuba maka a memori ko ya tura ta Xender a kan 'yan canji. Ka gaishe shi da kyau, ka tambayi jikin mahaifinsa. Amma kada ka bar gaban teburin sai ka buɗe ka duba lambar kashi da idonka, don akwai gidan da aka yi zaman makokin mutum ranar Asabar, ranar Lahadi aka ga ana ɗaura masa aure.

To a nan ne abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya yake, kuma sai na faɗe shi ko da lissafin shawarwarin zai rikice. Da can kaset da faifai ake saye. Daga kasuwar Ƙofar Wambai ta Kano ake ɗauro su a kwali, su iso har rumfunan garuruwanmu, duk wanda ya saya kuɗinsa ya koma hannun mai fim, ko da kaɗan ne. Satar fasaha da tura fim a waya suka kashe waccan kasuwa, 'yan Kannywood suka rasa inda za su mayar da uwar kuɗi. Shi ya sa wajajen 2020, lokacin kullen korona, suka koma fim mai dogon zango a YouTube: Lawan Ahmad ya zo da Izzar So a tasharsa ta Bakori TV, Aminu Saira ya zo da Labarina, ana nuna shi a Arewa24 ana kuma ɗora shi a tashar Saira Movies. A can kuɗi yana zuwa ne ta talla, talla kuma tana bin yawan waɗanda suka danna suka kalla, sannan kallon wanda ke Ingila ko Saudiyya ya fi na wanda ke Najeriya kawo kuɗi. Yanzu ka lissafa. Mai tura fim ya sauke sau ɗaya, unguwa guda ta kalla, matan aure sun yi kuka, samari sun yi gardama har an kusa dambe, amma a lissafin YouTube mutum ɗaya ne ya gani. Mu masoya ne na gaske da ba mu cikin ƙidaya. Ban ga laifin masu fim da suka bi inda abincinsu yake ba, suna da ma'aikata da iyali. Sai dai wanda ba a ƙirga shi ba, ba a tuna shi in an zauna rubuta labari, kuma ana ganin hakan a bangon ɗakunan da ake nuna mana.

Wannan ya kawo mu ta uku: kada ka zauna kusa da Gwaggo idan za a nuna falon Alhaji. Kowane gida akwai irin tata. Ita ba labari take bi ba, labule take bi. Da an hasko kujerun nan masu ruwan zinari za ta ɗaga hannu ta ce, “Tsaya! Wanga ɗaki na san shi. Gidan likita na wancan fim, yanzu kuma shi na gidan Alhaji? Ko tukunyar fulawar ba su ɗauke ba!” Kuma gaskiyarta. Gidajen haya ne ake zagayawa da su, kowa ya sani, amma don Allah a riƙa sauya ko da agogon bango ne. Sai amarya ta tashi daga barci da asuba da jan baki da gazal da ɗaurin ɗankwali wanda ko ranar kamu ba a samun irinsa. Sai a nuna gidan talaka, tukunya sabuwa fil, gindinta bai taɓa ganin hayaƙi ba, tabarma ko karyewar baki babu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, mu da muke hura murhu mun san kalar bangon madafi.

Abin da ya fi ba ni haushi ma shi ne wuta. A duniyar waɗannan finafinai ba a ɗauke wuta. Fanka tana juyawa dare da rana, firji cike da lemo, ba wanda ya taɓa cewa a miƙo tocila. Kira kuma bugu ɗaya yake shiga. Ba mai cewa, “Ba na jin ka, bari in fita waje.” Mu da muke kallo da cajin da muka biya kuɗi aka yi mana, ana nuna mana mutanen da wayarsu ba ta taɓa mutuwa sai ranar da marubuci yake son a kasa samun su.

Shi ya sa har gobe mutanenmu ba su daina yabon Dadin Kowa ba. Tashar Arewa24 ta fara aiki a 2014, ba da jimawa ba ta ƙirƙiro shirin, mai sunan garin da babu shi a taswira amma kowa ya san lungunansa. A 2016 shirin ya ci kyautar Africa Magic ta ɓangaren Hausa, kuma ya cancanta. Teburin Ɗantani mai shayi teburin mai shayi ne na sosai. Tsakar gidan Kamaye da Adama akwai bokiti da igiyar shanya da rigimar kuɗin cefane. Almajiran Malam Nata'ala ka rantse a zauren maƙwabcinka ka bar su. Ko Kwana Casa'in, da ya shiga gidan gwamnatin Alfawa wajen Bawa Maikada, bai manta da asibitin da talaka ke kwana a baranda ba. Mutum yana ganin kansa, shi ne sirrin.

Ta huɗu, game da labarin kansa. Ka sa wa zuciyarka cewa fuska tana iya sauyawa suna bai sauya ba. Ranar da Nafisa Abdullahi ta bar Labarina, Fati Washa ta karɓi matsayin Sumayya, an yi gidajen da aka rabu gida biyu: masu cewa an gama da fim, da masu cewa a ba sabuwar lokaci. Kada ka shiga tsakani, ba za ka fito da mutuncinka ba. In kana neman abin da zai haɗa kan jama'a, ka ambaci Baba Ɗan Audu, don a kan iya wasan Rabi'u Rikadawa, da ya hau matsayin, ba a jayayya. Daga baya ma labarin gaba ɗaya aka sauya, aka kawo Sadiq Sani Sadiq a matsayin Mainasara, sunan fim yana nan. Akwai tsofaffin da har yanzu suke jiran Sumayya ta shigo ta gaishe shi. Ka bar su da fatansu.

Amma jan labari fa! A fara da tuna abin da ya faru makon jiya, sai waƙar buɗewa, sai talla, sai a hasko gari daga sama, sai mota ta taho a hankali, ta yi hon, mai gadi ya fito yana gyara hula, ya ja ƙyaure ɗaya, ya zagaya ya ja ɗayan, motar ta shiga, a kashe ta, a buɗe, ƙafa ɗaya ta sauko. Duk wannan da datar wa? A watan Janairun 2025 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta amince a ƙara kuɗin kira da data har da kashi 50 cikin ɗari. Tun daga lokacin data take narkewa kamar gishiri a ruwa, kuma kowane hon na motar Alhaji daga kuɗin magi da manjan wata ake cire shi. A yanke, jama'a. Mun yarda ya iso gida lafiya.

Ta nawa muke? A bar lissafin.

Kada ka sayar da dish ɗinka. Wannan ita ce shawarar da in ka watsar da sauran duka, ka riƙe ta. Yara za su ce maka an daina yayinsa, komai ya koma waya, ga Arewa24 On Demand, ga manhajoji na biyan kuɗin wata. Ka tambaye su inda suke a watan Satumban 2021. A farkon watan aka rufe layukan waya a faɗin Zamfara saboda yaƙi da 'yan bindiga, a zamanin Gwamna Bello Matawalle, aka rufe kasuwannin mako, aka hana sayar da fetur a jarka. Gusau ta samu nata sabis a farkon Oktoba, mu na yamma muka ci gaba da jira. Mutane suna ƙetarawa jihohin maƙwabta don kawai su ji muryar ɗa ko su karɓi kuɗin da aka turo. Ba lokacin wasa ba ne, kuma ba wanda zai ce fim ne babbar damuwarmu a lokacin. Amma gidan da ke da faranti a kan rufi da ɗan batirin sola, da magariba ta yi sai ka ga maƙwabta suna shigowa da tabarminsu. Tauraron ɗan'adam bai san an rufe layi ba. Awa guda mutanen da suka wuni da fargaba suna dariyar Kamaye, yara a gaba, iyaye mata a baya, dattijo a bakin ƙofa yana cewa shi ba kallo yake ba. Wayar hannu ba ta yin wannan. Mutum ɗaya take ɗauka, shi ma da abin ji a kunne, kowa a kusurwarsa. Duk shirin da aka ɗauke daga talabijin aka kulle a manhaja mai neman katin banki, an ɗauke shi ne daga wannan tsakar gida, daga matar da sai ta aiki yaro garin da ke gaba kafin a samu mai POS.

Sauran a taƙaice. Ka rage ingancin hoto, za ka gane Alhaji da muryarsa. Kada ka ba yaro waya ya riƙe maka. In an tafi hutun zango, ko aka dakatar da shiri kamar yadda Hukumar Tace Finafinai ta Kano ta dakatar da guda 22 a watan Mayun 2025, har da Labarina da Dadin Kowa, kafin a sasanta, ka koma maimaicin rana, yana nan da daɗinsa.

Ku kuma masu shiryawa, in wannan ta iso gare ku, buƙatunmu ba su da yawa. Ku bar shirin a talabijin ko da kun kai shi intanet. Ku rage tsawon shigar mota. A ɗauke wuta ko sau ɗaya a gidan Alhaji, mu ga yadda zai yi. Sannan harshenmu: mun gaji da jin “mi ya hwaru” da “wanga” a bakin mai gadi da ɗan ƙauyen da aka kawo don a yi dariya, kuma yawanci ma ba a iya faɗarsu daidai. A Anka akwai alƙalai, a Gummi akwai likitoci, a Bukkuyum akwai malamai da 'yan kasuwa, duk da wannan harshen suke magana a gidajensu. Ku rubuta likita mace 'yar Gummi, ku ɗauko 'yar ƙasar ta hau matsayin, ku bar ta ta yi wa majinyaci bayani da Zamfarcinta har kashi ya ƙare.