Ango, auna ɗakinka kafin 'yan jere su iso

Ango, kafin motar kayan ɗaki ta tsaya a ƙofar gida, ka ari tef wurin magini. Kada ka auna da tafin ƙafarka kamar mai raba gona. Ƙafar da ake nufi inci 12 ce, ita kuwa taka Allah kaɗai ya san lambarta, ga silifa a ƙasa.

Lissafin bai fi uku ba: tsawo sau faɗi sau tsayi. Ɗakin da magina ke kira sha biyu-sha biyu, in daga daɓe zuwa silin ƙafa 10 ne, ka buga 12 sau 12, ka samu 144, ka sake bugawa sau 10. Ya zama 1,440. Wannan shi ne cikin ɗakinka da ƙafar kubik, wato akwatin da kowane gefensa ƙafa ɗaya ne. Akwati ɗaya irin wannan na cin ruwa lita 28 da ɗoriya, ya ɗan fi jarkar mai ruwa mai lita 25. Ashe ɗakin da kake rainawa zai shanye jarka sama da 1,600. Kada ka gwada, gidan haya ne.

A kula da inci. Inci shida rabin ƙafa ne, 0.5 ake rubutawa. Wanda ya rubuta 0.6 ya ƙara wa ɗakin filin da ba mai gida ba ne ya gina shi. In kuma dangin amarya daga Maraɗi suke, da mita za su zo maka: mita kubik ɗaya ƙafa kubik 35 ce da 'yan kai. Ka gyaɗa kai kamar dama ka sani.

Sai a zo kan kaya. Sif mai faɗin ƙafa shida, zurfin biyu, tsayin bakwai ta ci 84. Gado shida-shida a takarda 72 ne in tudunsa ƙafa biyu ne, amma ƙarya takarda take yi, don ba wanda zai jera kwalla a saman mutum yana barci. Ka cire masa 360 gaba ɗaya, har silin. Ga madubi, ga kujeru, ga firiza wadda wuta ba ta san da zamanta ba.

Ka tara, ka cire, za ka ga har da rara. To yanzu je ka auna ƙofa. Ƙafa uku ce in magini ya yi maka adalci, kuma sif ba ta lanƙwasa.

Kada ka kai wa gwaggon amarya takardar. Ta jera ɗakuna tun kafin a yi maka kaciya, kuma ba ta taɓa mayar da ko cokali ba. Za ta dube ka ta ce, "Ɗan nan, fita waje ka sha iska." Kafin la'asar komai ya shige, har da samirun da ba su cikin lissafinka. Kai kuma sai ka riƙa shiga a karkace.